Yaya ya dace a shigar da sabon kod cikin ma'ajiyar Git?

Auwal_Gwale:
Assalamu alaikum. Mu uku ne muke gina manhajar lissafin kaya ga wasu 'yan kasuwar Kantin Kwari, kuma kod ɗinmu yana ma'ajiya ɗaya a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod ana bin tarihin canje-canjensa da manhajar Git. Kowa yana tura aikinsa kai tsaye zuwa reshen main, wato babban layin aikin, sai ka ga gyaran wani ya taka na wani. Malamai, wace hanya ce ta dace mu bi?

MalamHotoro:
Wa alaikumus salam. Ku keɓe main ga aikin da aka gwada kawai. Wanda zai fara sabon aiki ya buɗe reshensa, wato layin aikinsa na daban, da umarnin git switch -c, ya gama a can, sannan ya aika buƙatar haɗe reshensa da main, domin ɗayanku ya karanta kafin a amince. Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne girman kwamit, wato tarin canje-canjen da ake adanawa a tarihin ma'ajiya a lokaci guda. Idan ka gyara yadda ake lissafin kuɗin yadin shadda, ka kuma canza launin shafin farko, ai aiki biyu ne, don haka kwamit biyu za ka yi, kuma git add -p zai ba ka damar zaɓar ɓangaren da zai shiga kowanne. Ranar da lissafi ya rikice, git revert zai janye wancan kaɗai ba tare da ya taɓa saura ba. Layin farko na saƙon kwamit kuwa, kada ya wuce haruffa 50 ko makamancin haka, kuma ya faɗi ainihin abin da aka canza.

Hajara_BUK:
Ina da ƙari a kan bayanin Malam. Kafin kwamit na farko, ku rubuta fayil ɗin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git zai ƙyale, ku saka sunan .env, fayil ɗin da ake ajiye kalmomin sirri, a ciki. Kalmar sirri ko makullin biyan kuɗi da ya shiga ma'ajiya yana nan a tarihi ko da an goge shi daga baya, saboda haka mafita ita ce a soke shi a fitar da sabo. Haka kuma GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100.

Auwal_Gwale:
Na gode ƙwarai. To, idan Git ya ƙi karɓar turawata saboda wani ya riga ni fa?

MalamHotoro:
Sai ka yi git pull --rebase domin ka jawo aikinsa ka ɗora naka a kai, ka warware saɓanin da ya taso, ka sake gwada manhajar, sannan ka tura. Kada ka kuskura ka yi amfani da --force, wato tura aiki da ƙarfi, a reshen da kuke aiki a kansa tare, domin zai iya share kwamit ɗin 'yan'uwanka daga ma'ajiyar.