Wai me ya sa zanen kakin soja yake kala-kala?

Ɗan Katangowa:
Salam jama'a, dan Allah masana ku taimaka. A dilar gwanjo muna yawan cin karo da wandunan soja, wani dabbare-dabbare manya, wani kamar an shafa fenti da burushi, wani kuma ƴan ƙananan murabba'i kamar hoto ya fashe a waya. Ado ne kawai ko kowanne da dalilinsa?

Baban Ummi Agege:
Wa'alaikumussalam. Ba ado ba ne malam, ido ake yaudara, shi ido siffar mutum yake fara kamawa, kai da kafaɗa, toh zanen nan aikinsa ya wargaza siffar yadda daga nesa ba za ka ce ga inda mutum ya ƙare ga inda ciyawa ta fara ba. Faransa ce ta kafa sashe na musamman don wannan a 1915, kuma masu zane ta ɗebo. Mai dabbare-dabbaren nan na Amurka ne, Woodland, ya fito 1981, kala huɗu ne, kore, ruwan ƙasa, baƙi da kalar yashi, asalinsa wani zane ne na 1948 da suka saka a yaƙin Biyetnam sai aka ƙara masa girma. Mai kamar burushi kuma DPM ne na Ingila, tun ƙarshen shekarun 1960, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaya.

Mai Albasa Mile 12:
Ɗan uwa ni dai shawara, kar ka rataye su a shago. Doka ta hana farar hula saka kakin soja a ƙasar nan, kuma a Legas ba wasa ake da maganar ba wlh, ko hula ce.

Hajiyar Idi-Araba:
Baban Ummi ka manta mai murabba'in. Kanada ce ta fara, sojan ruwan Amurka na Marines suka bi a 2002, da kwamfuta ake tsara shi. Amma fa ba kullum yake aiki ba, sojan ƙasa na Amurka sun fito da wani mai ruwan toka wai zai yi a daji da sahara da cikin gari duka, da aka je Afganistan sojoji suka yi ta ƙorafi ana hango su, dole a 2010 aka canza wa na can zuwa wani zanen da ake kira MultiCam. Ni abin da na fahimta kalar ƙasar wurin ta fi salon zanen muhimmanci, kakin da zai ɓoye mutum a dajin Epe ai tona shi zai yi a yashin Baga.