Shawarwari kan ƙarancin filin maƙabarta a Kaduna

A tattaunawar da malamai, masu unguwanni da masu haƙa kabari suka yi kan cunkoson maƙabartu a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a tsare filayen da ake da su tun kafin a nemi sababbi. Maƙabartar da ba ta da katanga, sannu a hankali maƙwabta ke cin gefenta, yau a ɗora bulo, gobe a mai da wani ɓangare juji. Don haka aka buƙaci kowane kwamitin maƙabarta ya auna filinsa, ya yi masa rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, da sunan al'umma, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna.

Batun sake haƙa tsofaffin kaburbura ya ɗauki lokaci. Malamai sun bayyana cewa a mazhabar Malikiyya kabari haƙƙin mamaci ne, ba a tone shi muddin akwai sauran wani abu nasa a ciki. Masu haƙa kuwa suka ce rashin tsari ne ke sa diga ta ci karo da ƙashi, abin da ke tayar da hankalin kowa. Suka nemi a riƙa binnewa sahu-sahu, a kuma ajiye littafin da ke nuna shekarar da aka cike kowane sashe. A ganina, wannan ce shawara mafi sauƙin aiwatarwa.

An kuma roƙi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta wajabta ware maƙabarta a kowace sabuwar unguwa, mawadata su ba da filaye waƙafi, sannan a gyara magudanan ruwa kafin ruwan Agusta ya rufta kaburbura.