Na rage wa waƙoƙin Baba nauyi, yanzu kuntigin kamar a cikin randa

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman wanda abin ya taɓa faruwa da shi, ba na ji an ce ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar kaset cike da kwali biyu, yawanci kiɗan kuntigi da kalangu. Shekara uku da suka wuce na kai wa wani yaro a Terminus, nan Jos, ya juye min su zuwa MP3 a kan 320 kbps, suka zauna a tsohuwar kwamfutar falo. Da na sayi laftof sai filashina mai giga 8 ya kasa ɗaukarsu, don waƙar minti 20 kaɗai tana cin mega 48. Na zuba su a manhajar VLC na rage su zuwa 64 kbps, suka shige har da sauran wuri. Wautar da na yi ita ce goge na asalin, wai in sama wa yara wurin katun. Jiya na saka a sifika, wallahi kamar ana kiɗan a cikin randa. In na mayar da su 320 za su dawo?

Mai Gyaran Rediyo, Dilimi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ba za su dawo ba ɗan'uwa, ni ma na taɓa kwana ina gwadawa. Lambar nan ta 320 ko 64 da ake kira bitiret yawan bayanin da ake ba kowace daƙiƙa ta sauti ne. Faifan CD yana tafiya a 1,411 kbps, shi kuwa MP3 zubar da wani sashe yake yi kafin ya ƙanƙance, kuma abin da ya zubar ba ya adana shi ko'ina. Ka mayar da 64 zuwa 320, fayil zai kumbura har ninki biyar, sautin yana nan yadda yake, ko ma ya ɗan ƙara lalacewa tunda an sake matse shi. Ka juye rabin ludayin fura a babbar ƙwarya ke nan. Naka ya fi muni ne saboda kaset yana da shuuu ɗin nan a ƙasa, shi ma yana cinye rabonsa a cikin 64 ɗin. Kasetocin suna nan dai?

Maman Hanifa, Rikkos:
Malam Mai Gyara, kar ka sa mutane su tsani 64 gaba ɗaya. Ni duk tafsirin azumi da shi nake ajiyewa, murya ras. Zama ɗaya na awa ɗaya da rabi mega 43 ne, wata guda bai kai giga ɗaya da rabi ba. Da a 320 ne sai ya haura giga 6, kuma malamin ba zai ƙara fasaha ba. Ƙanena ne ya nuna min in zaɓi mono, wai magana ba ta buƙatar kunne biyu.

Tawa masifar daban ce. Ina kwashe karatun shekara huɗu daga kwamfutar maigida zuwa tawa, maimakon in kwafa sai na yanke. An kai wajen rabi aka ɗauke wuta, ita kuma tasa ba ta da batir. Da aka dawo da wuta filashi ya ce sai an yi masa fomatin, can kuma rabin foldar ta riga ta tashi. Kwana biyu ban iya faɗa wa maigidan ba.

Mai Gyaran Rediyo, Dilimi:
Gaskiyarki Hajiya, magana daban, kiɗa daban. Ina zargin ma nasa a sitiriyo ya bar su, aka raba 64 ɗin gida biyu.

Direban Jos-Abuja:
Ni fa kunnena bai taɓa raba 128 da 320 a mota ba. Ga ƙarar inji, ga ramuka, ga fasinja na waya tun daga Akwanga har Keffi, wa ke jin bambanci? 128 nake sakawa, kusan mega ɗaya duk minti, lissafi mai sauƙi. Abin da ya wahalar da ni filashi ne. Ɗana ya yi masa fomatin da tsarin ajiyar fayil da ake kira exFAT, kwamfutoci biyu na gida duk suna karantawa, rediyon mota ya ƙi ko kallonsa. Har na ce rediyon ya mutu. Ashe tsohon tsarin FAT32 kawai ya sani. Wani karon kuma aka zuba min waƙoƙi daga Mac ɗin 'yata, kowace waƙa ta zo da wata 'yar inuwarta mai suna da ɗigo a gaba, rediyon yana ta tsalle a kansu yana cewa ba ya iya karantawa. Sai da aka bi aka goge su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗalibi, Bauchi Road:
Kawu Direba, wannan ta Mac ɗin ta kama mutane da yawa. Ni kuma na kai filashi shagon buga takarda, na dawo gida na tarar duk foldodina sun zama shotkat. Na kusa yin fomatin, abokina ya riƙe hannuna. Bairos ɗin ɓoye fayilolin yake yi, suna nan, da muka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli sai ga su. Tun ranar filashin da ke fita waje ba ya shiga kwamfutar gida. Tsakanin laftof ɗina da ta yayana kuwa, mu hau hotspot ɗaya in buɗe masa folda ya kwasa.

Yaya Ɗan Gangare, ka daina zuba komai a kwamfutar falon nan daga yanzu, ka gwada Recuva, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, kyauta ce. Fayil ɗin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. Katun nawa yaran suka zuba?

Ɗan Gangare:
Da yawa ƙanena, wata huɗu suna zubawa. Na gwada daren jiya: waƙa 17 suka dawo lafiya, sauran sunansu ya fito amma ba sa buɗewa. Malam Mai Gyara, na kira Goggo a Bukuru, kwalayen suna ƙarƙashin gadonta, ta ce ɗaya ya sha danshin damina. Asabar zan je in ɗauko.

Mai Gyaran Rediyo, Dilimi:
Madalla. Wannan karon da manhajar Audacity za mu ɗauka, mu ajiye uwar, wato kwafin asali, a FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da komai, a kwamfutoci biyun duka. Daga ita sai a ciro 192 na falo, 128 na mota. Kaset mai minti 90 sai ya yi minti 90 ɗinsa yana juyawa, ba a yi masa gaggawa, don haka ka zo da haƙuri. Wanda ya jiƙa kar ka saka shi a rediyo, kawo min in buɗe in gani tukuna. Sai dai dek ɗina, na'urar kunna kaset, bel ɗinsa ya saki, yana jan murya. Akwai mai dek mai lafiya a nan da zai ara mana na sati biyu?

Maman Hanifa, Rikkos:
Akwai na maigida a sito, tun aurenmu. Bari ya dawo daga masallaci in tambaye shi.