Excel ya ƙi ba ni sifiri a kan 2147483647

Salamu alaikum ƴan uwa masana lissafi, daga Tawa nake, abin nan ya ɗaure min kai wallahi. Lambar 2147483647, wato 2 a ninka shi da kansa sau 31 a cire 1, ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, masanin lissafi Euler ya tabbatar tun 1772, cikin lambobin Mersenne take, wato waɗanda ake samu in an ninka 2 da kansa sau da yawa an cire 1. Ina so in nuna ma ɗalibaina da gwajin Lucas-Lehmer: a fara da 4, a ninka da kanta a cire 2, a raba da 2147483647 a ɗauki ragowar, a maimaita haka sau 29, dole a ƙare da sifiri.

Na yi da 8191, 131071 da 524287 a Excel duk sun ba da sifiri lafiya lau. Amma wannan da na kai 1416317954 na ninka sai amsar ta zama mai alƙaluma 19, shi kuwa Excel 15 kaɗai yake riƙewa sauran ya zubar, daga nan komai ya lalace. Na canza tsarin gidan da lambar take a Excel, na gwada kalkilatiris ta waya, duk ɗaya ne. Ordinatair ɗin ba nawa ba ne, ba halin in sa manhajar Python.

To yaya zan raba ninkin nan gida-gida a Excel har ragowar ta fito daidai? Na gode.