Mai gida a Amurka yana da ikon hana mai yara haya?

Kawu: Jama'a, ku daina wahalar da kanku kan ɗan'uwan nan da aka hana haya saboda yana da yara huɗu. Gida na mai shi ne, wanda ya ga dama zai bai wa.

Hajiya: Kawu, da girmanka, amma a Amurka ba haka abin yake ba. Tun 1968 akwai dokar hana wariya a harkar gidaje, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu mako guda bayan kisan Martin Luther King. Da farko launin fata, addini da ƙasar asali ta kare. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasassu da masu iyali, wato duk mai yaro ƙasa da shekara 18, har mace mai juna biyu.

Malam: Hajiya, kin tsallake togaciya. In ginin bai wuce sassa huɗu ba, kuma mai shi yana zaune a ɗaya daga ciki, dokar tarayya ta ɗaga masa ƙafa. Haka ma gidajen da aka keɓe wa dattawa masu shekara 55 zuwa sama.

Hajiya: Gaskiya ne Malam, sai dai ƙafar ba ta ɗagu sosai ba. Ko irin wannan mai gidan ba shi da ikon rubuta "ba ma son masu yara" a tallarsa. In kuwa launin fata ne, akwai tsohuwar dokar 1866 da ba ta togace kowa ba. Jihohi da dama ma dokarsu ta fi ta tarayya tsauri.

Kawu: To wane mai gida ne zai furta? Cewa zai yi an riga an kama ɗakin. Da me za ki kama shi?

Auta: Kawu, akwai dabara. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu haya suna tura mutum biyu masu albashi iri ɗaya, ɗaya ya ce yana da yara, ɗaya ya ce ba shi da su. In aka ce wa na farko babu, aka buɗe wa na biyu ƙofa, ai asiri ya tonu. A 1982 Kotun Ƙoli ta yarda cewa ɗan gwajin da aka yi wa ƙarya yana iya kai ƙara, ko da ba niyyar zama yake da ita ba.

Malam: Duk da haka ku bi a hankali. Mai gida yana iya ƙayyade yawan mutanen da za su zauna. Ma'aikatar gidaje ta HUD kan ɗauki mutum biyu a kowane ɗakin kwana a matsayin abin da bai wuce kima ba. Mutum shida a ɗaki ɗaya, ba na jin ƙarar za ta yi nisa.

Hajiya: Yawan mutane ake ƙirgawa, Malam, ba yara ba. Wanda zai karɓi manya shida ya ƙi iyaye biyu da yara huɗu, ya taka doka.

Auta: A gaya wa ɗan'uwan da aka hana haya kada ya goge saƙonninsu da mai gidan, ya kuma adana tallar. Yana da shekara ɗaya ya kai koke HUD, ba a biyan ko sisi, ko shekara biyu in kotu zai nufa.

Kawu: Ni dai har yanzu ban ga amfanin zama a gidan wanda ba ya ƙaunarka ba. Amma ku tambaye shi ɗakunan kwana nawa ne, kuma ko mai gidan a ciki yake zaune.