Wai fim daga diraif ya fi 4K na intanet kyau a PS5 da Xbox?

Sadik: Jama'a ni fa na gama magana, duk mai na'urar gem ta PS5 ko Xbox da yake zama yana kallon fim ta intanet yana cewa wai 4K yake kallo to kansa yake yaudara. Fim ɗin Blu-ray na 1080p da ka kwafa daga faifanka ka zuba a diraif ka jona wa na'urar ya fi wancan 4K ɗin kyau nesa ba kusa ba. Wanda bai yarda ba ya fito.

Baban Ummi: Na fito. Malam Sadik 4K fa ninki huɗu ne na 1080p a yawan ɗigon hoto, 3840 sau 2160 a kan 1920 sau 1080, ta ina ƙaramin zai fi babban? Lissafi ne ba son rai ba.

Sadik: Yaya ai nan ne ake yi muku wayo. Yawan ɗigo daban, yawan bayanan da ake zubo wa ɗigon a kowace daƙiƙa daban. Netflix da kansu cewa suka yi megabit 15 a daƙiƙa ya isa ka kalli 4K ɗinsu, shi kuwa Blu-ray na 1080p hotonsa kaɗai yana iya kai wa megabit 40, na 4K ɗin kuma faifan mai giga 100 har megabit 128 yake kaiwa in an haɗa da sauti. Netflix sun ce 4K ɗinsu na cin har giga 7 a awa, wato fim mai awa biyu bai wuce giga 14 ba, alhali a faifai giga 66 ko 100 aka ware masa. Ina sauran ya tafi? Matsewa aka yi aka zubar, kuma za ka gani da idonka a wurin duhu ko hayaƙi ko ruwan sama, sai ka ga bangon yana fashewa gida-gida, sararin sama yana yin layi-layi maimakon launi ya sauka a hankali.

Anti Ladi: Ni dai ban taɓa ganin wani gida-gida ba wlh, kallona nake lafiya lau.

Sadik: Anti inci nawa ne tibin naki?

Anti Ladi: Oho, matsakaici dai, kuma daga nesa muke zama.

Sadik: To shi ya sa.

Injiniya Bala: Ku tsaya, Sadik ya faɗi rabin gaskiya ya ɓoye rabi. Ba a kwatanta megabit da megabit haka kawai sai an tambayi da me aka matse hoton. Hanyar matse hoton Blu-ray na 1080p yawanci H.264 ce, wasu tsofaffin ma VC-1 ko MPEG-2, su kuwa masu 4K ta intanet HEVC suke amfani da shi ko AV1, waɗanda ke iya riƙe kyau iri ɗaya da bayanai kaɗan sosai. Sannan abin da bai faɗa ba sam shi ne HDR, wato fasahar da ke faɗaɗa haske da duhu da launin hoto. Blu-ray na 1080p ba shi da HDR ko kaɗan, launinsa bit 8 ne, na 4K ɗin intanet kuwa bit 10 da haske mai faɗi, in tibinka mai kyau ne bambancin HDR ya fi bambancin yawan ɗigo fitowa a ido. Don haka in ka ce faifan 4K ya fi 4K na intanet, babu gardama, ina bayanka. In ka ce 1080p ya fi shi a kowane hali, a'a ƙanena, ka zarce.

Baban Ummi: Yawwa Injiniya, Allah ya ƙara ilimi.

Injiniya Bala: Kai ma Baban Ummi kada ka yi saurin murna, lissafinka na ninki huɗu ba ya aiki in netwok ya yi ƙasa, manhajar za ta sauke ingancin da kanta ba tare da ta tambaye ka ba, kana zaune kana alfahari da 4K alhali 720p ake ba ka.

Sadik: To sauti fa? Ku yi maganar sauti mana. A faifai Dolby TrueHD ne ko DTS-HD da ba a yanke masa komai ba, ta intanet Dolby Digital Plus ne matsattse, har Atmos ɗin nasu a kansa yake hawa.

Mubarak: In da lasifikar jikin tibi kake ji wace TrueHD kuma hhh. Ni matsalata da maganar Sadik ba ta kyau ba ce, ta wahala ce. Ya ce a zuba a diraif a jona kamar abu ne mai sauƙi. To ka jona diraif mai fomat ɗin NTFS, wato tsarin ajiyar fayil na Windows, a PS5 ka gani ko za ta karanta, exFAT da FAT32 kawai ta sani. FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura giga 4, fim ɗin naka mai giga 30 ta ina zai shiga, saura exFAT ke nan. Ka wuce wannan sai ka sa shi cikin folda don in ka watsa shi a fili ba zai fito a Media Gallery, wurin kallon bidiyo na PS5, ba. Ka wuce wannan kuma sai maganar irin fayil, abin da Sony suka lissafa MP4 da MKV masu H.264 ne sai WEBM mai VP9, HEVC baya cikin jerin, kuma kwafin faifan 4K duk HEVC ne. Sautin ma AAC da MP3 da Opus ne a jerin, TrueHD ɗin da kake kuri da shi ba ya ciki. Wato ainihin fayil ɗin da ya ci gardamar shi ne wanda na'urar ba za ta buɗe maka ta USB ba.

Anti Ladi: Ni na ɗauka in dai an ga MKV a ƙarshen suna shi ke nan iri ɗaya ne duka.

Injiniya Bala: A'a Anti, MKV kamar ambulan ne, abin da ke ciki shi ake dubawa. Fayil biyu duk MKV, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, ko hoto ya fito sauti shiru, saboda kayan cikin sun bambanta.

Sadik: Ai akwai HandBrake, manhajar juya bidiyo, kyauta ce, ka juya shi zuwa H.264 da AAC a kwamfuta.

Mubarak: Ka juya shi ka sake matse shi ke nan, ka dawo inda ka baro. Kwamfuta ta kwana tana huci don ka samu abin da Anti take samu da danna maɓalli ɗaya.

Sadik: Ko an juya ni nake zaɓar yawan megabit ɗin ba wani kamfani ba, in na ga dama in bar shi a 25 ko 30. Kuma fim ɗin yana hannuna, ba wanda zai wayi gari ya cire shi daga jeri don lasisi ya ƙare, ba kuma ruwana da netwok ko data.

Hafsat: Duk kuna ta magana kamar PS5 ce kaɗai na'urar gem a duniya. A Xbox rabin wahalar nan babu ita, tana karanta NTFS, kuma za ka sauke manhajar kunna bidiyo irin VLC ko Kodi daga shagon Microsoft ka buɗe kusan duk abin da ka ga dama har da rubutun fassara na ƙasa. Kodi ɗin ma asalinsa a Xbox ta farko aka haife shi, XBMC ake ce masa kafin a canza suna a 2014. Abin da za ka kiyaye kawai in ka jona diraif ta tambaye ka na gem ne ko na kallo kada ka zaɓi na gem, don za ta yi masa fomat ta share komai. PS5 ma haka, diraif ɗin da ka mayar ma'ajiyar gem ya zama na gem, ba ka zuba masa fim.

Baban Ummi: Hajiya Hafsat an fara tallar Xbox ke nan.

Hafsat: Ba talla ba ce Yaya, ita ma tana da nata, Series S ba ta da wurin faifai kwata-kwata, Series X kuma tana yin Dolby Vision, wani nau'in HDR, a manhajojin kallo amma ba ta yi a faifai. PS5 kuwa HDR10 take yi, Dolby Vision babu. Abin mamaki Sony ne suka tura Blu-ray da PS3 a 2006 har Toshiba ta haƙura da faifanta na HD DVD mai gasa da shi a 2008, amma da aka zo 4K a 2016 Xbox One S ce ta zo da wurin faifan 4K, PS4 Pro ta fito babu.

Nura: Tambaya, wai ba USB ɗin ne ke sa fim mai nauyi yana tsattsayawa ba? An ce sai SSD, diraif ɗin nan mai sauri.

Injiniya Bala: Ba gaskiya ba ne Nura. USB 2.0 ma a takarda megabit 480 ne, ko a aikace ya haura 128 ɗin da Sadik ya ambata, balle 3.0. Diraif na talaka mai juyawa ya isa. In yana tsattsayawa ka zargi manhajar da ke fassara fayil ɗin ko filash mai arha marar inganci. Akwai kuma hanya ta uku da ba wanda ya kawo, ka bar fina-finan a kwamfuta ka sa Plex mai turo fim daga kwamfuta zuwa wasu na'urori, manhajarsa tana kan PlayStation da Xbox duka, sai na'urar ta jawo ta cikin netwok ɗin gida, ba sai ka yi ta cire diraif kana mayarwa ba. Sai dai in na'urar ba ta gane fayil ɗin ba kwamfutar ce za ta riƙa juya shi nan take, in mai rauni ce za ka sha tsaiko, kuma fayil mai nauyi ka ja waya daga rauta, kada ka dogara da wayifai daga wani ɗaki.

Sadik: Kun ga ke nan an dawo magana ta, fayil ɗinka a gidanka.

Mubarak: Ba a dawo ba, kai 1080p ka ce ya fi 4K, Injiniya ya rushe wannan tun ɗazu. Ni in ka tambaye ni ma kunna PS5 gaba ɗaya don kallo ta intanet ɓarnar wuta ce, ƙaramar na'urar kallo irin Chromecast ko Fire TV wat kaɗan take ci, PS5 kuwa gommai, ga manhajar jikin tibin ma tana nan a banza.

Sadik: Ban janye ba. Ku ɗauki fim mai duhu sosai, ku kashe fitila, ku matso kusa da tibi mai inci 65, ku kunna biyun ɗaya bayan ɗaya sannan ku zo mu yi magana.

Anti Ladi: Wa zai kashe fitila ya matso jikin tibi yana neman aibu, Allah ya sawwaƙe.

Nura: To ni mai PS4 fa, duk wannan ya shafe ni?

Hafsat: Kai ka ma fi su sauƙi ta wani ɓangaren, ka sauke Media Player, tun 2015 take nan, tana buɗe AVI da MKV da MP4 kuma tana ganin kwamfutar gida ta DLNA, wato hanyar jawo bidiyo ta netwok ɗin gida, abin da PS5 ba ta zo da shi ba. Diraif ɗin dai exFAT, fim ɗin a cikin folda, kuma H.264 ka nema ba HEVC ba.

Nura: In na yi masa fomat zuwa exFAT abin da ke ciki zai goge?

Hafsat: Tas. Ka kwashe su zuwa kwamfuta tukuna.