Wai me ya sa Gandhi kullum a hoto yana zaune yana kaɗi?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na shiga shagon wani Ba'indiye a Adum, nan Kumasi, sai na ga hoton Gandhi a bango, tsoho ba ko riga yana zaune a ƙasa gaban keken zare. Wai shugaba guda ya rasa abin yi sai kaɗi? Mu dai a gidanmu kakata ce ke kaɗi da mazari, ban taɓa ganin namiji ya taɓa ba.

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena, ai wannan kaɗin da ka raina shi ne faɗan. Turawan Ingila su kwashi audugar Indiya su kai masaƙunsu na Lancashire, su saƙa da inji, su dawo da yadin su sayar wa masu audugar, masaƙan gida duk suka zauna ba aiki, to shi ne Gandhi ya ce kowa ya kaɗa zarensa ko na rabin awa ne a rana, mace da namiji, lauya da manomi, a daina sayen na Bature. Sunan yadin khadi, keken kuma charkha. A 1921 har tara kayan waje suka yi a Bombay suka cinna musu wuta, kuma a shekarar ce ya ajiye riga ya koma ɗaura ƙyalle irin na talaka. Jam'iyyar Congress ma ta sa keken a tsakiyar tutarta a 1931, sai dab da 'yancin kai a 1947, da aka zo yin tutar ƙasa, aka sa da'irar Ashoka, wani tsohon sarkin Indiya, a madadinsa.

Hajiya mai atamfa:
Malam duk na ji, amma ni da ke Kejetia bari in faɗi nawa. Saƙar hannu tsada gare ta, ga kaushi ga nauyi. Mutum zai zo ya shafa fugu, wato batakari, rigar saƙin hannu ta Arewacin Ghana, ya yaba har da wallahi, ya ji kuɗin, ya zarce wajen 'yan gwanjo ko ya ɗauki ɗan China. Ko a can ma ba kowa ya bi shi ba, Tagore, shahararren marubucinsu, da kansa ya soki wannan kiran na kowa ya yi kaɗi.

Baba Zongo:
Hajiya gaskiyarki, amma ki tuna mu ma an yi a nan. Daren 6 ga Maris 1957, da Ghana ta samu 'yancin kai, a filin Old Polo Grounds na Accra batakari Nkrumah ya sa shi da mutanensa, ba kwat ba, saƙar Arewa irin wadda har yau ake yi a Daboya da Yendi. Mu dai mun tsaya a sa wa ranar Juma'a ne, su kuwa Indiyawa har hukuma suka kafa wa khadi a 1957.

Ɗan Aboabo:
Na gode iyayena, ashe ba zaman banza tsohon yake ba. Yanzu na kira gida a duba min mazarin kaka, wai yara sun daɗe da mayar da shi abin wasa. Hajiya nawa ne fugun naki, matsakaici, ban da tsadar Sallah?